Masu bin takardun gini da muka ɗauka a Sakramento, da kuɗin gina makarantu da aka ɗora wa ɗakin Hajiya

Huɗu cikin biyar zan ba su, kuma rabin wannan maki takarda guda ce ta jawo musu. Ƙaramin kamfani ne a yankin Sakramento, mace ce ke da shi, tana da ma'aikata biyu. Aikinsu bin takardun izinin gini: su shigar da zane a ofishin birni, su amsa gyare-gyaren da masu duba zane suka nema, su faɗa maka abin da kowace hukuma za ta karɓa da lokacin da za ta karɓa. Ba sa gini, ba sa zane. Mun ɗauke su ne da ni da maigida muka yanke shawarar yi wa mahaifiyarsa ƙaramin gida a bayan namu, irin wanda ake kira ADU a nan Kalifoniya. Hajiya ta haura saba'in, gwiwa ta hana ta hawa bene, ɗakunan kwananmu kuwa duk a sama suke. Ladan aikinsu dala 2,900 ne, rabi a farko, rabi ranar da izini ya fito.

Takardar da nake nufi sun miƙo mana ita tun mai zane bai ja layi ko ɗaya ba. Shafi guda ne, an raba shi gida uku: abin da za mu biya hukumomi idan ginin bai wuce murabba'in ƙafa 500 ba, idan ya faɗa tsakanin 500 da 750, da kuma idan ya kai 750 ko ya haura. Kowane layi da sunan hukumar da za ta karɓa, da lokacin biya, da yadda aka yi lissafin. 'Yan kwangilar da muka fara zama da su kafin nan, layi ɗaya kowannensu ya rubuta a ƙasan farashinsa, wai kuɗin izini na wuyan mai gida ne, babu adadi. Haka mutum zai sa hannu, ya ciyo rance daga banki, sannan ya tarar da dubban daloli da ba su cikin lissafinsa.

Waɗannan iyakoki biyu su ne kan maganar, kuma mutane da yawa ɗaya kawai suka sani. Tun 1 ga Janairun 2020 dokar jiha ta hana birane da gundumomi ɗora wa ADU da bai kai ƙafa 750 ba irin kuɗaɗen nan na hanyoyi da wuraren shaƙatawa da ake ɗora wa sabon gini. Wannan labari ya bazu, har maƙwabcinmu ya ce mana mu tsaya a 749 mu huta. Amma hukumar makarantun yanki ba ta cikin wannan rangwame. Tata dokar dabam ce, iyakarta kuma 500 ce. Da zarar gini ya wuce haka, tana da ikon karɓar kuɗi a kan kowace ƙafa, kuma ba a kan rarar da ta hau 500 kaɗai ba, a kan ginin gaba ɗaya. Wannan ba kuɗin karatun yara ba ne, makarantun gwamnati kyauta ne. Kuɗi ne da ake karɓa sau ɗaya daga mai sabon gini, da sunan gina ajujuwan da yaran sabon gidan za su buƙata.

A watan Janairun 2024 hukumar jiha da ke duba wannan adadi duk bayan shekara biyu ta ɗaga shi daga dala 4.79 zuwa dala 5.17 kan kowace ƙafa ta gidan zama. Namu ginin ƙafa 720 ne, lissafi ya kama dala 3,722.40. Wasu yankunan, musamman inda ake ta buɗe sabbin unguwanni, suna karɓar mataki na biyu wanda ya fi wannan tsada, idan sun yi nazarin buƙata sun kuma cika sharuɗɗan da dokar 1998 ta gindaya. Inda firamare da sakandare ke ƙarƙashin hukumomi daban-daban kuma raba kuɗin suke yi, wani lokaci sai ka biya a ofis biyu. Mai kamfanin ta duba adireshinmu ta tabbatar mana cewa hukuma ɗaya ce, mataki na farko, wato dala 5.17 ɗin nan, kafin ta rubuta komai.

Inda na fi ganin gwanintarta shi ne wajen awo. Abin da ake lissafawa shi ne duk faɗin da ke cikin da'irar ginin, amma ban da gareji, ban da baranda, ban da rumfar mota. Zanen farko da muka yi tunani yana da ƙaramin falo na biyu inda Hajiya za ta riƙa zama da baƙinta da yamma, abin da zai tura mu sama da 750 mu faɗa cikin kuɗaɗen birni. Ita ta ce a mayar da shi baranda mai rufi, a sa raga saboda sauro. Hajiya ma ta fi son haka, don a nan take lazimi bayan la'asar, tana ganin jikokinta suna wasa. Wannan shawara kaɗai ta mayar mana da ladan da muka biya su.

An yi zancen tsuke ginin zuwa 498 a kuɓuta daga kuɗin makarantu baki ɗaya. Hajiya da kanta ta goyi bayan haka. Ta ce, "Ku 'ya'yan nan kada ku ɗora wa kanku nauyi, ɗaki ɗaya da banɗaki ya ishe ni." Maigida ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, ranar da za ki buƙaci mai kwana kusa da ke fa?" Ni aikin jinya nake yi, na san faɗin da keken guragu yake nema kafin ya juya a banɗaki, na kuma san cewa tsufa ba ya komawa baya. Muka tsaya a kan ɗaki biyu da banɗaki mai faɗi. Kamfanin bai matsa mana ta kowane ɓangare ba, ya ajiye lambobi ya bar mu da shawararmu, na kuma ji daɗin hakan.

Biyan kansa ba wuya. Doka ta hana birni fitar da izinin gini sai hukumar makarantu ta ba da takardar shaidar cewa an biya ta ko an yafe. Ofishin namu yankin cak kawai yake karɓa, ba kati, kuma sai a wasu sa'o'i na safe. Ma'aikacinsu ya zo gida ya karɓi cak, ya kai, ya dawo mana da rasit da takardar shaida, ya shigar da kwafi a ofishin birni. Ga mai aikin dare irina wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sun kuma rubuta mana cewa idan izini ya ƙare ba a fara gini ba, ana iya neman a dawo da kuɗin.

Makin da na rage musu yana da dalili. Shafin nan nasu bai ce komai ba game da harajin gida. Sabon gini yana sa ofishin ƙiyasin kadara ya ƙara darajarsa a kan ta tsohon gidan, ya aiko da takardar ƙarin haraji, kuma wannan ba na sau ɗaya ba ne, na kowace shekara ne. Gaskiya ne tsohon gidan ba a sake masa ƙiyasi, gaskiya ne kuma wannan ba kuɗin izini ba ne. Amma wanda ya ce zai nuna maka duk abin da hukuma za ta karɓa, bai kamata ya tsallake wanda zai fi daɗewa a wuyanka ba. Da na yi mata magana ta amince ya kamata a ƙara, ta ce za ta gyara wa na bayanmu. Na biyu, dokar jiha ta ba mai gini kwana 90 ya rubuta ƙorafi idan yana ganin kuɗin da aka ɗora masa bai dace ba, ya biya a kan sharaɗin yana ja. Wannan bayani a ƙasan takardar hukuma na gan shi da ƙananan haruffa, ba daga bakinsu ba. Ba lallai mu yi amfani da shi ba, amma haƙƙinmu ne a faɗa mana. Sai kuma shiru da suka yi mana a tsakiyar aiki, lokacin da birni ya dawo da zane da gyare-gyare. Saƙonni suka yi ta tafiya babu amsa, alhali birni na da kwana 60 ne kacal a doka ya amince ko ya ƙi cikakkiyar buƙatar ADU, kuma jinkirin da ya fito daga ɓangarenka ba a ɗora wa birni shi. Daga baya ta kira ta ba da haƙuri, ɗaya daga ma'aikatanta ne ba lafiya. Na karɓi uzurin, amma layi biyu na imel da ya wadatar.

Wanda zai yi ginin da bai wuce 500 ba, ba na jin yana buƙatar irin wannan kamfani. Tun Janairun 2025 doka ta wajabta wa birane da gundumomi su samar da tsarin zanen ADU da aka riga aka amince da shi, mai haƙuri da bin layi zai iya da kansa. Wanda zai haura 500, ko yake kusa da 750, ko filinsa ke da wata matsala ta bututun ruwa ko iyaka, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba.

Yanzu ga abin da ya tsaya mini a rai tun ranar da na rubuta cak ɗin nan. Ana ta muhawara a jihohi da dama kan a soke wannan kuɗi, kuma tunda na biya shi da hannuna ina da abin cewa.

Asalinsa ba mugunta ba ce. A 1978 masu zaɓe a Kalifoniya suka amince da ƙudurin nan mai lamba 13, wanda ya taƙaita harajin gida a kashi 1 cikin ɗari na darajarsa, ya kuma hana darajar da ake lissafi da ita tashi fiye da kashi 2 a shekara muddin gida bai sauya hannu ba. Hanyar da aka saba gina makarantu da ita ta tsuke. A 1986 aka ba hukumomin makarantu ikon karɓar kuɗi kai tsaye daga masu gini, aka fara da dala 1.50 kan ƙafa. Hujjar mai sauƙi ce: ka gina gidaje dubu a inda jiya gona ce, yara za su zo, wani zai gina musu aji. Na ga wannan da idona. Kafin mu dawo gidan da muke ciki, a wata sabuwar unguwa muka yi haya, babbar 'yata ta yi aji biyu da aji uku a ajin wucin gadi, irin na katako da ake kawowa a kan tirela a ajiye a filin wasa. Da zafin Satumba na Sakramento na'urar sanyaya ɗakin ba ta iya komai. Don haka duk wanda zai ce mini makarantu ba sa buƙatar kuɗin gini, ba zan saurare shi ba.

Amma ɗakin Hajiya fa? Tsohuwa ce da ta gama renon jikoki ma, a unguwar da aka gina tun shekarun 1970, makarantar firamaren da ke bayanmu kuma ajujuwa ne a rufe saboda ƙarancin yara. Ba mu kaɗai ba ne. Ɗaliban makarantun gwamnati a jihar sun ragu daga kusan miliyan 6.2 kafin annobar korona zuwa kusan miliyan 5.8 a shekarar karatu ta 2024/25. Doka kanta ta yarda cewa tsofaffi ba sa cika aji, shi ya sa gidajen da aka keɓe wa tsofaffi ake musu lissafi da farashin gine-ginen kasuwanci, wanda ya kasance santi 84 kan ƙafa a 2024. A Fulorida ma kotun ƙolin jihar ta yanke a 2000 cewa ba a karɓar irin wannan kuɗi daga unguwar da aka haramta wa yara zama a cikinta. Na tambayi mai kamfanin ko za mu shiga wannan rangwame, ta ce a'a, domin babu abin da zai hana a ba mai yara hayar ɗakin nan gaba. Na yarda akwai hujja a nan, gini ya fi mai shi tsawon rai. Sai dai ko an ba mai yara haya, yaron zai tafi makarantar da ke neman ɗalibai ne, ba wadda ke neman aji ba. Hasali ma kuɗin gudanar da makarantu a jihar nan yana bin yawan yaran da ke halarta, ƙarin yaro alheri ne gare su.

Maigida ya fi ni zafi, shi so yake a soke gaba ɗaya, manya da ƙanana. Hujjarsa kuwa tana da nauyi. Ya ce ki dubi wanda ya sayi gida a 1985, harajinsa har yau a kan tsohuwar daraja ake lissafa shi, 'ya'yansa sun yi karatu a ajujuwan da kowa ya haɗu ya gina. Ki dubi matashin da zai sayi sabon gida bana: zai biya kashi 1 a kan cikakken farashin yau, a sabbin unguwanni da yawa zai biya ƙarin harajin Mello-Roos da dokar 1982 ta kawo, sannan ga kuɗin makarantu da mai gini ya riga ya cusa cikin farashin. Gida mai ƙafa 2,000 a mataki na farko kaɗai ya haura dala 10,000, wanda ya shiga rance kuma da ruwa zai biya shi shekara talatin. Wanda ya zo a makare, wanda ya fi kowa ƙarancin hali, shi aka ɗora wa jakar. A jihar da kowa ke kukan tsadar gida, in ji shi, bai kamata a riƙa sa wa gina gida tara ba.

Ban iya karya wannan magana ba, amma ban bi shi har ƙarshe ba. Tambayata ita ce, idan an soke, wa zai biya? Hanyar da ta rage ita ce bashin da hukumar makarantu ke ci da amincewar masu zaɓe, wanda tun 2000 yake buƙatar kashi 55 na ƙuri'u, sai kuma na jiha, kamar dala biliyan 10 da aka amince da su a Nuwamban 2024 domin makarantu da kwalejojin al'umma. Kuɗin jiha kuma yawanci sai yanki ya kawo nasa kason kafin a ba shi. Unguwar masu hali za ta ci zaɓen bashi cikin sauƙi. Unguwar da ba ta da shi, ko wadda yawancin masu zaɓenta sun gama da makaranta, za ta iya faɗuwa, yara su zauna a ajin tirela shekara da shekaru. Kada a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. A Karolina ta Arewa majalisar jiha ta ƙwace wa gundumar Orange ikon karɓar wannan kuɗi a 2017, nauyin ya koma kan sauran hanyoyin samun kuɗin gundumar. A Hawai, inda hukuma ɗaya ke riƙe da makarantun gwamnatin jihar gaba ɗaya, an kafa shi a 2007, mai binciken kuɗi na jiha ya soki yadda ake tafiyar da shi a rahotonsa na 2019, a 2025 kuma aka kai ƙudurin soke shi gaban majalisa. Abin da na ɗauka daga can shi ne, kuɗin da aka karɓa da sunan aji, idan jama'a ba su ga ajin ba, ba zai sami mai kare shi ba.

Kotu ma ta fara taɓa maganar. George Sheetz, wani mutum a gundumar El Dorado da ke gabas da mu, ya nemi izinin kafa gida a filinsa aka ce ya biya dala 23,420 na hanyoyi. Ya biya yana ja, ya kai ƙara. Ranar 12 ga Afrilun 2024 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai tara baki ɗaya, ta ce don majalisa ce ta ƙayyade kuɗi ba zai sa ya kuɓuta daga ma'aunin tsarin mulki ba, wato ya zama yana da alaƙa da nauyin da ginin zai jawo, kuma gwargwadonsa. Ba ta soke kuɗin ba, ta mayar da shari'ar kotun jiha. Na hanyoyi ne ba na makarantu ba, amma tambayar ita ce wadda nake yi game da ɗakin Hajiya: wane nauyi ya jawo?

Matsayina shi ne a cire kuɗin daga ƙananan gidajen da ake ƙarawa a tsofaffin unguwanni, aƙalla a ɗaga iyakar 500 ta yi daidai da 750 ɗin da birane ke bi, a kuma hana yankin da ɗalibansa ke raguwa karɓarsa sai ya nuna ajin da zai gina. Manyan unguwannin da ake buɗewa a fili kuwa a bar musu shi har a samo abin da zai maye gurbinsa. Abin da ya ƙara mini ƙarfi shi ne wata magana da mai kamfanin ta yi muna rabuwa. Ta ce da yawa daga masu zuwa wurinta suna tsuke gininsu zuwa 499 saboda wannan kuɗi kaɗai, su yar da ɗaki na biyu. Ke nan makaranta ba ta samu ko santi ba, iyali kuma sun rasa ɗakin da suke buƙata, kuma a haka ginin zai tsaya shekara hamsin.

Doka ta wajabta wa kowace hukumar makarantu ta fitar da rahoton shekara kan abin da ta tara daga wannan kuɗi da inda ta kashe shi, duk shekara biyar kuma ta yi bayanin abin da ya rage a asusu. Na roƙi kamfanin su nuna mini inda zan sami na yankinmu, suka turo mini ba tare da sun caje ni ba, duk da cewa aikinsu da mu ya ƙare. Da shi na rubuta wa 'yar majalisar jiha mai wakiltarmu wasiƙa kan batun ɗaga iyakar zuwa 750, na haɗa da kwafin rasit ɗinmu. Maigida ya karanta ya ce bai isa ba, amma ya sa hannu a ƙasan nawa.